Askin da Aka Yi wa Shammam

Shekara talatin da huɗu Mai Aski ya yi yana riƙe da almakashi, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin wani ya tashi daga kujerarsa da gashi ɗaya a karkace ba. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ya fita daga layi ya ƙyale shi. Ko zare ne ya zazzago daga wuyan rigar baƙo, sai ya ce, "Ɗan tsaya, don Allah," ya datse shi tun ba a gama gaisawa ba. Shagon nasa a jikin gidansa yake, ƙofa ɗaya ce tsakani. Kujera ɗaya ce mai juyawa wadda fatarta ta tsattsage, sai babban madubi mai tabo a kusurwa, da benci, da fanka mai ƙara wadda ba ta kawo iskar kirki.

A can bayan ɗakuna akwai ɗan fili, taku goma sha biyu daga tankin ruwa zuwa katanga. Filin nan ba nasa ba ne, bai ma taɓa gigin cewa nasa ne ba. Na matarsa ne, wadda unguwa kaf ke kira Ta Lambu. Tana shuka tumatir da albasa da ganyaye, amma abin da ta fi ji da shi shi ne shammam, ɗan uwan kankanar nan mai ƙaramin jiki, ɓawonsa da zane kamar raga, cikinsa jaja-jaja mai zaƙi. Irin nata ba na kasuwa ba ne. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓe shi, ita ma daga hannun tata uwar. Duk shekara sai ta zaɓi wanda ya fi nuna, ta wanke 'ya'yan cikinsa, ta shanya a inuwa, ta gauraya da toka, ta ɗure a tsohuwar kwalbar magani. In shammam ya nuna, ƙamshinsa har shago yake shiga, masu jiran aski su fara miƙa wuya suna cewa yau dai ko ba a yi musu askin ba za su zauna.

Shi kuwa bai san komai a harkar ba sai ci. In ya leƙa lambun yana gyara murya zai ba da shawara, sai ta ce, "Malam, koma wajen kawunan mutane, ka bar mini ƙasata." Ya yi dariya ya koma. Haka suka yi shekaru, kowa da fagensa, kuma babu wanda zaman ya dama.

Bara ta faɗi kusa da tanki, da bokiti a hannunta. Hawan jini ne. Ta yi sati uku a asibiti, aka dawo da ita ɓarin dama a shanye, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Abin da ya rage mata wani sauti ne guda ɗaya daga maƙogwaro, da shi take neman ruwa, da shi take kukan ciwo, da shi take amsa gaisuwa. Kanta kullum yana ɗan rawa, ba ka gane e daga a'a. Ya taɓa ba ta biro da takarda, hannun hagu ya yi ta kewaye-kewaye bai fitar da harafi ko ɗaya ba. Daga nan ta juya fuska ga bango. Motsa jikin da aka ce a riƙa yi mata ta ƙi, abinci sai cokali biyu ta rufe baki.

Likita ya gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce, "Magani ya yi nasa. In ba ta sami abin da zai sa ta so tashi daga gadon nan ba, gadon ne zai cinye ta." Mai Aski ya gwada rediyo. Ya gwada kira mata 'yarsu da ke aure a nesa, jikoki suna ta ihu a waya. Ta saurara, ta lumshe ido, ta koma ga bangonta. Lambu ya bushe ƙurmus, shekara guda ta wuce ba a shuka ko tsinke ba.

Wata safiya yana laluben katin asibiti a saman kabad, hannunsa ya ci karo da kwalbar. Ya buɗe, ya juye a tafin hannu. Ƙwari sun riga shi, yawancin irin ya zama ɓawo da gari, sai ɗan abin da bai cika cokali ba. Bai yi shawara da kowa ba. Ya aro fartanya, ya sassaƙe ƙasa, ya zuba taki, ya ja layuka da zare, miƙaƙƙu sarai, ya shuka irin duka. Ta Lambu ba ta taɓa juye kwalba kaf ba, ko a shekarar da ta fi yarda da ƙasa sai ta bar rabi. Amma wa zai gaya masa? Mai faɗar tana ɗaki ta juya baya.

Guda shida suka tsiro. Ran da ya ga ganyen farko ya shiga shago ya ɗauko ƙaramin madubin da yake nuna wa mutane ƙeyarsu, ya tsaya bakin taga ya karkata shi har lambun ya faɗo ciki.

"Ta Lambu, ɗan juyo ki ga baƙi."

Ba ta juyo ba. Ya tsaya nan har hannunsa ya fara sagewa. Can sai ta waiwayo, ta dubi madubin, ta daɗe tana dubawa. Sai ya ga hannun hagun ya kama bargo yana jan sa ƙasa. Jiki na rawa ya jawo keken marasa lafiyar da ya yi wata takwas a jingine yana shan ƙura, ya ɗora ta, ya tura ta waje. Ranar ya yi kuka a bayan tanki inda ba za ta gan shi ba.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Kowace safiya kafin ya buɗe shago sai ya wanke mata fuska, ya ɗaura mata ɗankwali, ya fito da ita ya ajiye a bakin layin farko. Yana ban ruwa tana kallo. Ta fara cin abinci. Ta fara yarda a miƙe mata ƙafa a lanƙwasa. Shi ya sani, kuma duk wanda ya shigo gidan ya sani, cewa tsiron nan shida su ne suke fito da ita daga ɗaki, kuma bayansu babu wani iri a ko'ina.

Da aka yi sati uku shammam ya fara yaɗo. Kowane tushe ya miƙa doguwar igiya ɗaya bisa layinsa, abin gwanin sha'awa. Sai kuma ƙananan rassa suka fara ɓullowa daga gefe, wannan ya yi gabas, wancan ya haye kan maƙwabcinsa, wani ya nufi hanyar tanki. Mai Aski ya tsaya ya riƙe ƙugu. A idonsa wannan ƙazanta ce, kan da ya yi wata uku bai ga aski ba. Ya kuma yi wa kansa lissafi irin na sana'arsa: in ka rage na gefe, ƙarfin duk sai ya koma ga uwar igiyar. Ya shiga shago ya ɗauko almakashinsa mafi kaifi, ya goge shi da tawul, ya durƙusa.

Datsa ta farko, sai ya ji ta buga hannun keke. Ya waiwaya. Sautin nan nata yana fita da ƙarfi, idonta a kansa.

"Rana ce ko? Yi haƙuri, na manta." Ya tura ta inuwar katanga, ya koma ya ci gaba.

Ta sake bugawa. Ya kawo ruwa, ta kau da kai. Ya gyara mata matashi. Da ya ga hawaye ya goge mata da bakin ɗankwali, hankalinsa kwance, domin tun a asibiti an gaya masa masu irin wannan ciwo sukan yi kuka ba dalili, kada ya tayar da hankalinsa. Ya gama askinsa tsaf, ya tattara rassan, ya kawo ya nuna mata. "Kin ga aikin yau. Da kin bar ni tun da, da lambun nan ya fi na kowa kyau." Ya watsa su gindin katanga.

Shammam ba ya gajiya da fitar da reshe, Mai Aski kuma ba ya gajiya da datsewa. Kowace safiya sai ya sami sababbi, wasu ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya ita kuma ta buga keke har tafin hannunta ya yi ja. Wata rana ya matso kusa da ita da almakashin a aljihun gaba, sai ta kai hannu ta fizge shi ta yar a ƙasa. Wayyo, murnar da ya yi! Ya shiga shago yana ba kowa labari.

"Hannun fa ya fara ƙarfi. Yau almakashi ta ƙwace mini, wallahi sai da na ji zafin riƙon."

Wani direba da ke kan kujera ya ce, "To ka shirya, in ta warke kai za ta fara yi wa aski." Aka yi dariya, shi ma har da riƙe ciki.

Fure ya zo, rawaya shar, jere bisa igiyoyin nan shida. Da safe su buɗe, kafin yamma su yanƙwane su zube, washegari wasu su fito. Ya duba ƙarƙashin ganye, babu ko alamar ɗa. Ya ƙara taki. Ya rage ruwa, ya ƙara ruwa. Ya tambayi masu zuwa aski, kowa da nasa ilimin. Wani tsohon malamin makaranta ya ce rashin ƙudan zuma ne, amma ga ƙudan zuma nan suna ta shawagi. Direba ya ce bakin mutane ne, ya daina ba da labarin lambun a shago. Ya daina. Furanni suka ci gaba da zubewa, shi kuma ya ci gaba da share su da tsintsiya don kada wurin ya yi datti.

Ana cikin sati na bakwai da fara askin ƙanwar Ta Lambu ta zo dubiya. Mace ce mai baki, ita da Mai Aski ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ta same su a lambu, ta rungume yayarta, ta ɗago ta ga layukan, sai ta tuntsire da dariya.

"Kai, Yaya Mai Aski! Shammam ne wannan ko sojoji a fareti? Har da tsaga ka yi musu?"

"Ke dai faɗi gaskiya, kin taɓa ganin mai tsafta irinsa?"

Dariyar ta tsaya. Ta taka a hankali ta bi layi ɗaya har ƙarshe, ta sunkuya ta ɗaga ganye, ta ga wuraren da aka datse, wasu sun bushe, wasu ɗanyu da ruwa a bakinsu. Ta nufi gindin katanga inda tsibin rassan yake, ta tsinto na sama wanda aka yanke ɗazu. Ta dawo ta miƙa masa daf da hanci.

"Duba nan. Ƙarƙashin wannan ɗan furen da bai buɗe ba, me ka gani?"

Ya sa tabarau. Wani ɗan kumburi ne kore, mai gashi-gashi, bai kai ƙwayar wake ba.

"Shi ne shammam ɗin," in ji ta. "Macen fure a reshen gefe take fitowa. Waɗancan da ka bari a jikin uwar igiya duk maza ne, ko shekara za su yi suna fure ba za su haifi komai ba. Tun yaushe kake yankewa?"

"Kwana arba'in da wani abu."

"Kullum?"

"Kullum."

"A gabanta?"

Ya juya ya dubi matarsa. Ba ta buga keke ba, ba ta yi sautin nan ba. Ta jingina kai, ta rufe ido, hawaye na bin gefen fuskarta, irin na wanda aka daɗe ana danne masa ƙirji aka ɗaga. Sai a lokacin safiyoyin nan duka suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya: inuwar da ya riƙa tura ta, ruwan da ya riƙa kawowa, rassan da ya riƙa nuna mata yana yabon kansa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya zauna bisa bokiti.

Ƙanwar ta sassauta murya. "Ba komai, Yaya, ba da gangan ka yi ba. In wannan bai yi ba sai a sake shukawa baɗi. Ina sauran irin?"

Ya nuna mata layukan da hannu.

"Kada ka ce mini duka ka zuba."

"Ke ba ki da shi?"

"Ni da nake zaune a bene? A ina zan shuka? Nawa ya ɓace tun kafin in yaye autana. Ita kaɗai ta riƙe shi a duk gidanmu."

Daga ranar almakashi bai sake shiga lambu ba. Mai Aski ya bar rassa suka fito yadda suka ga dama, har yana durƙusawa yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba da haƙuri. Sun fito kuwa, amma sirara, don tushen ya gaji da rauni. Kuma lokaci ya riga ya ƙure. Ta Lambu takan shuka da wuri ne don ta girbe kafin ruwan sama ya kankama, shi kuwa ya cinye kwanakin rana wajen aski. Sati biyu bayan zuwan ƙanwar sama ta buɗe. Aka yi kwana tara ana ruwa, in ya tsagaita da safe ya dawo da azahar. Ba halin fito da mara lafiya. Sai dai ya zaunar da ita a keke cikin ɗaki, ya ce mata, "Suna nan lafiya, suna gaishe ki."

Ba lafiya suke ba. Wani farin gari ya hau ganyen, ganyen ya yi rawaya, ya koma ruwan ƙasa, ya narke. Ya haƙa rami don ruwa ya wuce, ya kafa sanduna ya shimfiɗa leda, iska ta yaye. Biyar suka mutu cikin sati guda. Na shidan, wanda ke kusa da tanki, ya ɗaure ɗa guda ɗaya. Mai Aski ya sa masa fasasshen faranti a ƙasa don kada ya taɓa laka. Tsakanin kai da kai sai ya ce wa mai jiran aski, "Ina zuwa," ya ruga cikin ruwa ya duba shi. Ɗan ya kai girman ƙwai, ya kai dunƙulen hannu. Ran nan ya zo ya tarar igiyar ta ruɓe daga tushe, ta yi baƙi, ɗan yana kwance kore shar, ko zanen ragar bai fara ba.

Ya kai shi shago, ya rufe ƙofa, ya tsaga. 'Ya'yan ciki farare ne, shafal, babu nauyi. Ya tuna yadda take gwadawa, ya zuba su a kofin ruwa, mai rai ya nutse, fanko ya taso. Ya tsaya yana kallo, ya motsa da yatsa, ya sake jira. Duka suka taso.

Abin da ya yi bayan nan, ba wayo ba ne, tsoro ne. Ya tafi kasuwa ya zaga rumfunan masu kayan marmari har ya sami shammam mai kama da nata, ya saya, ya ɓoye cikin riga. Ya kai shi gindin tanki ya kwantar, ya jawo matattun ganyaye ya lulluɓa. Washegari gari ya waye da rana, ya shirya ta, ya tura ta waje yana ta surutu don kada ta lura da layukan da suka zama laka.

"Ruwa ya yi mana ɓarna, amma Allah ya bar mana ɗaya. Kuma ɗaya ai ya isa iri, ko ba haka ba?"

Ya sunkuya ya yi kamar yana tsinkewa, ya kawo ya ɗora mata a cinya. Ta dafa shi da hannun hagu. Ta juya shi a hankali har babban yatsanta ya sami wurin kara. Nata in ya nuna da kansa yake sakin igiya, ya bar ɗan gurbi mai santsi. Wannan kuwa da guntun kara a jikinsa, busasshe, an yanke shi da wuƙa tun kwanaki. Ta ɗaga shi da ƙyar zuwa hancinta, ta shaƙa sau ɗaya. Ta dubi gindin tanki, ta dubi sauran filin, sannan ta dube shi.

Ya kasa haɗa ido da ita. Ya yi sauri ya yanka, ya kankare 'ya'yan a faranti, ya ɓare ɗan yanki ya kai mata baki. Ya yi zaton za ta kau da kai. Sai ta buɗe baki ta karɓa, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Ya ba ta na biyu, ta ci. Har yanki huɗu ta ci, ruwan yana bin haɓarta yana gogewa, shi kuma yana ta cewa zai wanke irin, zai shanya a inuwa, zai nemo toka. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, har ya fara yarda cewa ta yarda.

Da safe ya wanke mata fuska, ya ɗaura mata ɗankwali, ya ɗora ta a keke. Sun zo bakin ƙofar ɗaki sai keken ya tsaya cak. Ya duba taya, babu abin da ya tare. Hannunta ne ya kama katakon ƙofa, ta riƙe gam har jijiyoyin sun fito.

"Ta Lambu, rana ta fito. Mu je ki sha iska."

Ba ta saki ba. Ya zagayo ya durƙusa a gabanta. Ya buɗe baki zai sake wata ƙaryar, ta ƙi fitowa.

"Na kasuwa ne," ya ce. "Naki ya ƙare. Ni na yanke shi da hannuna, kina kallo."

Ta daɗe tana dubansa. Sai ta saki katakon, ta ɗora hannun a kan nasa, ta ɗan bubbuga sau biyu a hankali yadda ake yi wa yaron da ya fasa kofi. Sannan ta ɗaga yatsa ta nuna gado.

Ya juya keken ya mayar da ita. Washegari ya sake gwadawa, da wanshekaren washegari, har ya daina. Ba ta sake fita ba.